Yaron da Mama Ta Ƙi Kashewa

Tun da idon Baba ya tafi, Mama ce ke yi masa karatu. Kullum da yamma takan zauna a kujerar jikin taga, tabarau a ƙarshen hanci, ta buɗe wani ƙaton littafin labari, shi kuma ya miƙe a doguwar kujera da hannu a kan ciki. Ni ce autarsu, kuma ban taɓa jin mai karatu kamar Mama ba. Muryar miji daban, ta matarsa daban, har tarin tsohon maigadi sai ta yi. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, amma wallahi gidan rediyo ya yi babbar asara.

Labarin wani direban babbar mota ne da ɗansa tilo. Da muka ji ana yin fim ɗinsa, Baba ya kafa doka: kada wanda ya kunna masa komai sai sun kai shafin ƙarshe. Ya ce 'yan fim su bi layi, littafi ya riga su zuwa.

Wata rana Mama ta tafi kasuwa, gulma ta sa na buɗe inda ta sa alama. A littafin, ɗan direban ya mutu tun babin baya, mota ta kife da shi. A bakin Mama kuwa yana kwance a asibiti, ko a karatun da ya gabata har ya sha shayi ya tambayi takalminsa. Ashe tun daga haɗarin take ƙirƙirar nata, tana juya shafi a kan lokaci, ko in'ina ba ta yi. Na san dalili. Yayanmu namiji a haɗarin mota ya rasu, kuma daga ranar Baba bai sake ambaton sunansa ba. Na mayar da littafin yadda na same shi, na kama bakina.

Mijin yayata ne ya jawo mana, mutumin da ba ya iya ganin abu a waya ya haɗiye shi kaɗai. Ya zo gaisuwa, bai gama zama ba ya ce tallar fim ɗin ta fito, ya danna kafin in kai hannu. Gaskiya tallar ta yi kyau: rurin inji, ruwan sama yana dukan gilashi, kiɗa yana hawa a hankali. Sai ƙarar birki, sai muryar direban yana cewa da hannunsa ya binne ɗansa.

Mama tana tsaye da tiren kofuna, komai a kunnenta.

Baba ya ja tsaki. "Ka ji 'yan fim. Ba sa karanta littafi, sai su kashe ɗan mutane don a yi kuka. Rufe mana wannan abin." Ya juya wajen taga. "Malama, a ina muka tsaya?"

Ta ajiye tiren, ta zauna, ta gyara tabarau. Ta ci gaba da karatu daga inda suka tsaya. A karatun ranar, yaron ya tashi tsaye da sanda ya taka har bakin ƙofar ɗakin jinya. Ni da na san babu wannan a takarda, sai da na share ido.

Washegari ina yanke wa Baba farce a baranda, ya tambaye ni ko na leƙa littafin. Na yi musu. Ya ce in daina wahalar da kaina, duk lokacin da aka zo kan asibiti yana jin na daina numfashi. Sai na amsa, na soma neman hanyar da zan kare Mama.

Ya ce ba sai na kare ta ba, shi ya karanta littafin da idonsa tun ina goye.

Na saki hannunsa. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba.

"Marubucin a shafi ɗaya ya kashe shi ya wuce abinsa," in ji Baba. "Uwarki kullum sai ta duba masa zazzaɓi. Wa ya fi wani iya labari?"

Ya miƙo mini ɗaya hannun.

"Kada ki gaya mata, Auta. Ina so in ji ranar da za a sallame shi ya dawo gida."