Aikinsa Faɗuwa

Ranar da labarin ya zo, Mak Sau-Ying tana yanka awara a rumfarta ta kasuwar Sham Shui Po, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Matar mai shagon magani ta leƙo ta ce ana kiranta a waya. Ta tafi da wuƙar a hannu.

"Matar Yaya, ni ne Lok. Ah Tong ya faɗi."

"To sai me? Ba aikinsa ke nan ba?"

"Na ce miki ya faɗi. Bai tashi ba."

"In ya tashi ka ce wa mataccen nan ya sayo citta a hanya."

Ta kife wayar. Har matar mai maganin sai da ta yi dariya.

Mijinta, Pang Yiu-Tong, wanda ake kira Ah Tong, ya yi shekara ashirin da biyu yana mutuwa a fina-finan 'yan daba. Ba shi da suna a cikinsu. Yana cikin waɗanda ke tsayawa bayan uban daba da baƙar riga, a harbe su ko a sare su tun labari bai yi nisa ba. Duk ranar da ya yi gawa ana ba shi ɗan jan ambulan da 'yan kuɗi a ciki don kore sharri, kuma ba a kwana da abin da ke ciki, sai ya sayo alewa ya kawo gida. Ba ta taɓa sha ba. "Matacce" kuwa, rabin matan unguwar haka suke kiran mazajensu da wasa. A bakinta ne kaɗai kalmar take cizo.

Lok ya sake kira, ta ce tana da masu saye. A karo na uku da kansa ya zo a tasi, da jan fenti a wuyan rigarsa. Shi ne mai tara 'yan tsaye a bayan fim, abokin Ah Tong tun suna samari. A cikin mota ya gaya mata: zuciyarsa ce ta tsaya a kan matakala, ana cikin ɗauka. An ce an gama, kowa ya miƙe, shi yana kwance, har ana yi masa tafi. Ya yi awa biyu da rai a asibiti. Da suka isa, an riga an ja masa mayafi.

Bayan kwana bakwai Lok ya hawo ɗakinta a bene na tara da jakar leda cike da kaset na fina-finan mijinta. Ya kunna turare a gaban hoton marigayin, ya sunkuya sau uku, ya ajiye jakar a kan tebur.

"Kwashe shirmenku," in ji ta. "Ban kalla ba yana da rai."

"Shi ya sa na kawo."

"Me zan gani? Ƙato ya sare mutane goma, ya je ya yi wa gunki turare, a ce mai amana ne. 'Ya'yan mutane su kalla su fara tafiya suna buɗa hannu kamar masu ƙurji a hammata. Matan ciki kuma ba su da aiki sai kuka da zuba shayi."

"Gaskiya ne wannan."

"In babba zai mutu, minti goma yana surutu ana kaɗa masa goge, ruwan sama na zuba. Ku kuwa kamar ƙudaje."

"Wannan ma gaskiya ne." Lok ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Amma Matar Yaya, mutum ya wuni ana yi masa tsawa a masaƙa, ya dawo ɗakin da bai fi kejin kaza ba. Ya kunna, ya ga wani ya ƙi sayar da ɗan'uwansa ko da bindiga a goshi. Awa guda ya ji shi ma mutum ne. Ƙarya ce, na sani. Amma faɗuwar ba ƙarya ba ce. Matakalar siminti ce."

Shekara da shekaru, in an tambaye ta aikin mijinta, cewa take yi dako yake yi a kamfanin fim.

Ya sa kaset na farko. Gidan shayi, mutane kusan ashirin da adduna, ihu, kujeru na tashi. Kafin ta gyara zama an gama.

"Kin gan shi?"

"Ina?"

Ya mayar baya. Ta kafa ido a tsakiyar allon, inda kyakkyawan saurayin da ke jan fim ɗin yake. Ba ta gan shi ba. Ya sake mayarwa, ya tsayar, ya ɗora yatsa can gefe, kusa da ƙofa.

"Wannan kafaɗar."

Bayan mutum ne kawai, da ƙeya. Ta yi shekara ashirin da shida tana kwana a bayan wannan ƙeyar, amma sai da aka nuna mata da yatsa. Ta tashi ta ce za ta dafa shayi, alhali shayin na gabansu.

A kaset na huɗu ne aka nuna fuskarsa. Yana tsaye a saman matakalar wani tsohon gini, yana dariya, irin dariyar da yake yi in ya ci wasan cacar majan. Aka harba. Ya gangaro tun daga sama har ƙasa, gwiwarsa ta dama ta daki ƙarfen gefe, ya kwanta ido buɗe. Manyan suka tsallake shi suna magana. Bai ƙifta ba.

"Sau shida ya yi wannan," in ji Lok. "Saurayin ne yake ta mance maganarsa. Babu wanda ya kai Ah Tong riƙe numfashi. Shi ake kira in ana son gawa ta kirki."

"Wace shekara ce?"

Ya gaya mata. Ta tuna. Shekarar da ya yi wata biyu yana ɗingishi ce, ita kuma ta gaya wa duk bene cewa giya ya sha ya faɗa kwata. Ya ji ta da kunnensa, ya yi murmushi, bai gyara mata ba.

"Ya yi magana a asibiti?"

Lok ya kalli turaren. "Ya tambaya ko an kira ki."

"Ka ce masa me?"

"Na ce kina hanya."

Ta riƙe bakin tebur. Ta so ya zage ta, bai zage ta ba. Ya sha shayinsa da ya huce, ya bar mata jakar ya tafi.

Ta kalle su duka, ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayinta bai canza ba, har gobe tana cewa shirme ne, kuma ba ta yarda jikokin ƙanwarta su kalla a ɗakinta. Amma yanzu ko ƙafarsa kaɗai aka nuno a ƙarƙashin mota tana gane shi.

Ta sayi 'yar ƙaramar talabijin ta ɗora a kan tebur a rumfa. Kullum ƙarfe huɗu na yamma wata tasha tana maimaita tsofaffin fina-finan, 'yan kasuwa su taru a gaban awararta. Ba ta kallon tsakiya, gefe take kallo. In ta gan shi tsaye a bayan wani da baƙar rigarsa, kuma kiɗan ya fara sauyawa, sai ta miƙa hannu ta kashe.

"Haba, Inna Mak! Daidai wajen daɗin!"

"Zafi take yi," take ce musu. Ta goge katakon yanka, ta juya awarar da ke cikin ruwa, sannan ta kunna.