Hira a Bakin Katifa

Ɓurɓushin auduga na yawo a cikin hasken da ya ratso ta taga, kamar ba shi da niyyar sauka. Inna Mai Katifa ta zuba masa ido, tana bitar karatun da ɗanta Auta ya biya mata don hirar da za a yi da ita yau.

Auta ne ya tsara komai, shi da ya dawo daga makaranta da tabarau da dokoki. Ya ce hira da 'yan jarida yaƙi ce: kada ta ce ba ta sani ba, kada ta ambaci auduga, sai dai "fasahar zamani", kuma duk rintsi kada ta bar shiru ya gifta, don a cikin shiru ake kama mutum. Ya ƙara da cewa, cikin ladabin nan da ya fi zagi ciwo, in aka samu tangarɗa yau, lokaci ya yi da za ta bar masa masana'antar katifar ta je gida ta huta. Inna ta san irin hutun: kujera, bango, da jiran la'asar.

'Yar jaridar ta iso da rana tsaka, idanunta jajur. Ta nemi a bar su su biyu, Auta ya fita yana waige. Garin ƙawata ɗakin baje koli, Auta ya kwashe kujeru kaf, don haka baƙuwar ta zauna a bakin wata katifa, ta danna na'urar ɗaukar murya. Ta ba da haƙuri, wai jaririnta na haƙori, bai bar ta ta runtsa ba.

Inna ta fara zuba, tiryan-tiryan. Inganci. Fasaha. Gamsar da abokan ciniki. Kalmomin na fita daga bakinta kamar kayan aro, ba su zauna mata ba. Tana cikin "hangen nesa" ta ga alƙalamin baƙuwar ya sulale, kan yarinyar ya karkata, katifa ta karɓe ta kamar da ma ita take jira.

Ga shirun da aka hana, ya shigo ya zauna. Inna ta buɗe baki ta kore shi, sai ta fasa. Ta leƙa baya ta yi wa teloli alama su tsayar da kekuna, ta yafa wa baƙuwar mayafinta. Jan ƙwan na'urar na ta ƙyaftawa, yana naɗar numfashi. Can ta tuna da marigayi mijinta yana bugun auduga da sanda, farar ƙura a gemunsa tun kafin furfura ta zo.

Da yarinyar ta farka, kunya kamar ta nutse. Ta ce ta yi mafarkin ɗakin kakarta.

"Inna, me kuka sa a cikin katifar nan?"

"Auduga, 'yar nan."

"Shi ke nan?"

"Sauran ban sani ba."

Da labarin ya fito, babu fasaha babu hangen nesa, sai wata mata da ta tsayar da kekuna don baƙuwa ta yi barci. Auta ya karanta a tsaye, ya sake karantawa. Bai tayar da zancen hutu ba, bai kuma janye shi ba. Ya dai cire tabarau, ya zauna a bakin katifar nan, ya danna ta da tafin hannu.

Inna ta leƙa baya, ta ɗaga wa teloli hannu su sake tsayar da kekuna.