Yatsun Anti Tela

Shekara bakwai ke nan da likita ya gaya wa Anti Tela tana da ciwon suga, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi. Da safe ta huda yatsa, ta ɗiga jini a tsinken gwaji, ta rubuta abin da na'ura ta nuna, ta sha magani, sannan ta nufi shagonta na ɗinki a bakin layi. Abinci kuwa da ido take auna shi kamar yadi. Maƙwabta har misali suke yi da ita.

Wata Talata tana ɗinke bakin riga da hannu, allura ta ƙi zama a yatsunta. Kan yatsun duk ya yi tauri saboda huda, guda na mata zogi. Ta ajiye rigar, ta zaro na'urar daga jaka, ta jefa cikin durowar maɓallai, ta tura da gwiwa. Daga ranar ta daina gwaji. Magani ma yau ta sha, gobe ta ce sai an jima.

Mijinta, wanda ya shekara talatin yana tuƙa bas har sunan Direba ya bi shi bayan ritaya, kullum da safe tambayarsa ɗaya ce: "Nawa ne yau?" Sai ta ƙirƙiro masa lamba mai kyau, ya gyaɗa kai.

A kwana na shida ya shigo shagon riƙe da rigarsa da maɓalli ya cire.

"Duba durowa ka zaɓi mai kama da shi," ta ce, ƙafarta na kan keke. Sai da ta ji shirun ya yi yawa ta tuna.

Yana tsaye da na'urar a tafin hannu. Ta gyara zama, ta shirya shan faɗa. Shi kuwa ya kwashe yadudduka daga kan benci ya zauna.

"Maman 'yan biyu, tun yaushe take hutu a nan?"

"Tun Talata."

"To lambobin da kike ba ni fa?"

"Ni na ɗinka su."

Ya yi dariya. Ita ma ta soma, sai dariyar ta juye kuka.

"Na gaji, Baban 'yan biyu. Ko biki na je, idona na kan faranti, idon mutane na kaina. In lambar ta hau, sai in ji kamar na faɗi jarrabawa. Kai ma ka daina ce min ina kwana, sai nawa ne yau."

Direba ya sunkuyar da kai. Ya kamo hannunta yana juya yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yau ya fara ganinsu.

"Wallahi tsoro ne yake sa ni. Ban san na koma ɗan sanda a gida ba."

"Ɗan sanda ma yana da ranar hutu."

Washegari suka tafi asibiti tare. Ta shiga da fargabar za a yi mata tsawa, amma nas ɗin ta saurare ta har ƙarshe, ta ce da wuya mai wannan ciwo bai taɓa kaiwa nan ba, abin da ba a so shi ne a ɓoye. Ta nuna mata yadda ake huda gefen yatsa, a bar wa allurar ɗinki yatsun da take riƙe ta da su. Likita ya duba littafinta na shekara bakwai, ya rage mata ranakun gwaji, amma ya ce magani ba fashi.

A gida suka raba aiki. Direba ya karɓi jera ƙwayoyin mako a ƙaramin akwati, ya kuma dawo cin irin abin da take ci, duk da yana yi yana mita. Ita kuma ta kafa doka: daga la'asar babu mai ambaton suga, ko 'yan biyu ne suka bugo waya daga makaranta. Akwai safiyar da lambar kan hau, ranta ya ɓaci, amma yanzu takan faɗa da bakinta, ya ce, "To, gobe ma rana ce," ya miƙo mata shayi.

Da yamma sukan zaga filin ƙwallo sau uku. A zagaye na biyu numfashinsa ke fara fita sama-sama, amma girman kai ba ya barinsa ya ce a tsaya. Sai ta rage tafiya, ta nuna masa wata mata can nesa.

"Tsaya in kalli ɗinkin nan. Dubi yadda aka ɓata hannun rigar."

Shi kuma ya dafa ƙugu yana haki, ya ce lallai telan bai kyauta ba.