Lofen Inna Tena

A garinmu Bukumbe, mace in ta ga jika sai ta ɗauki lofe, ba mai ɗaga kai ya dube ta. Tsofaffi kan taru a ɗaki su biyar su shida, hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai, jarirai na barci a cinyoyinsu. Haka na tashi na gani. A Kwatano kuwa, inda na yi aure, namiji ya busa sigari a bakin titi ba komai ba ne, amma mace ta sa taba a baki, to ko karuwa ce ko mayya, babu na uku.

Da na haifi Sena, mahaifiyata Inna Tena ta taho daga arewa don ta riƙe mini shi. Ta zo da buhun acca, da man kaɗe, da lofenta na yumɓu wanda ya girme ni. Tana sauka daga mota, tun ban gama yi mata sannu da hanya ba, ta zauna kan buhun ta kunna shi a tsakiyar tasha. Masu babur suka kewaye mu suna shewa, wani har ya ɗaga waya yana ɗaukar ta hoto. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Inna, don Allah kashe abin nan. Nan ba gida ba ne."

"Su ba su taɓa ganin tsohuwa ba ne?"

"Ba su taɓa ganin tsohuwa tana tashin hayaƙi kamar murhu ba. Kuma ki sani, ba a shan taba kusa da jariri. Likita ya hana."

Ta dube ni, ta ƙwanƙwasa lofen a dunduniyarta, tokar ta zube. Ta ce, "To, Filomen. Na ji."

Muna zaune a saman bene a unguwar Akpakpa, ɗaki biyu da 'yar baranda. A ƙasanmu gidan abincin Madam Afiavi yake, inda ma'aikatan ofis ke cin shinkafa da kifi da rana. Tun da jami'an lafiya suka zo suka yi mata kashedi, ta manna babban allo a ƙofa: hoton sigari an ja masa jan layi, da rubutu a ƙasansa. Mijina Gildas yana alfahari da allon nan kamar shi ya zana shi. Ya kan ce ƙasa ta fara wayewa, saura ƙauyawa.

Inna ba ta rabu da lofen ba. Yana bakinta tana wanki, yana bakinta tana rarrashin yaro, tana tauna bakinsa ƙwas-ƙwas. Ban taɓa ganin wuta a cikinsa ba, amma ni ba na gida. Da na yi arba'in na koma shagona na ɗinki, in fita da safe, in dawo bayan la'asar.

Sena yana wata uku ya fara tari. Daga tari sai ƙirjinsa ya riƙa fito, haƙarƙarinsa na lotsawa in zai ja numfashi. Muka kai shi asibiti. Nas ɗin ta karɓe shi, ta shinshina zanen goyonsa, ta ɗago.

"Wa ke shan taba a gidanku?"

Gildas ya juyo ya zuba mini ido kawai.

Nas ta ce, "Ku ji da kyau. Huhun yaron nan bai kai tafin hannuna ba. In kuka ci gaba da shaƙa masa hayaƙi, wata rana za ku kawo shi, ba za ku koma da shi ba."

Da muka dawo na shiga ɗakin da yaron ke kwana da kakarsa, na ja numfashi. Warin yana nan, a labule, a katifa. A saman bango, daidai kan gadon yaron, akwai bulo uku masu huji don shigar iska. Sai na ga an cusa musu tsummoki. Na hau kujera na zaro su ɗaya bayan ɗaya, ashe tsohon zanen Inna ne ta yayyaga. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Wato har toshe ɗakin take yi don kada maƙwabta su ga hayaƙi.

"Inna, kashe mini ɗa za ki yi?"

"Ban kunna ba, Filomen. Tun ranar tasha ban kunna ba."

"To warin nan fa? Aljanu ne ke sha?"

"Daga ƙasa yake tasowa, da rana tsaka. Shi ya sa na toshe. Ke ba ki da hanci ne? Wannan ai ba warin tabarmu ba ne, tabar takarda ce."

Gildas ya yi dariya daga bakin ƙofa. "Haba Mama! Wurin Madam? Ba ki ga allo ba? Kodayake karatu ne, ba laifinki. Doka ta hana, ko ashana ba mai ƙyastawa a can."

Ta ce, "Ɗana, ni ban san doka ba. Na san hayaƙi."

Zuciya gare ni, kowa ya sani, kuma tsoro ya ƙara mata wuta. Na ce mata maƙaryaciya. Ni, na buɗi baki na ce wa matar da ta haife ni maƙaryaciya, a gaban surukinta. Na fizge lofen daga bakinta na maka shi da bango, ya tarwatse. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta durƙusa ta tsince gutsattsarin ta ƙulle a gefen zane. Washegari na sa ta a motar arewa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ki mayar da tsummokin nan." Na ce mata to, don ta tafi.

Ban mayar ba. Na wanke labule, na shanya katifa, na bar hujin a buɗe don yaro ya sha iska mai kyau. Na rufe shago na zauna a gida.

Kwana biyun farko Asabar da Lahadi ne, gidan abincin a rufe. Warin ya ragu. Gildas ya ce, "Kin gani?" Ni ma na ce na gani.

Ran Litinin, wajen ƙarfe ɗaya, ina zaune ina ninke kayan yaro, sai na ga wani siririn hayaƙi yana shigowa ta hujin farko. Sai ta na biyu. Yana sauka a hankali kan gadon, kan fuskar Sena. Yaron ya farka da tari, leɓensa ya fara canza launi.

Na sungume shi na sauka ba takalmi. A bayan gidan abincin akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da bango, wanda ban taɓa leƙawa ba. Maza ne sun fi goma, da fararen riguna da laktaye, sun cika ciki, kowa da sigari a hannu, suna gardamar ƙwallo. Gwangwanin tumatir na ƙasa cike da guntaye. Hayaƙin lungun ba shi da mafita sai sama, saman kuwa hujin ɗakina ne.

Na ƙwala wa Madam Afiavi kira. Ta fito tana goge hannu.

"Lafiya, Maman Sena?"

"Ki dubi abin da suke yi! Ki dubi ɗana!"

"Ikon Allah. To ni me zan yi, 'yar uwa? An ce kada a sha a ciki, ba a sha a ciki. Nan ai waje ne."

Wani mai gilashi ya ce mini, "Madam, yi haƙuri, mu bin doka muke yi." Ya ja ya fesar gefe, don ladabi.

Kwana tara muka yi a asibiti, da roba a hancin yaron. Ya rayu, amma likita ya ce ƙirjin nan sai dai a yi ta lallaɓa shi. Da muka dawo tattara kaya don mu tashi daga gidan, na ɗaga tabarmar Inna, na tarar da jakar tabarta ta fata. Bakinta a ɗinke, da baƙin zaren da ta roƙe ni a ranar da ta zo. A cike take tam. Na zauna a ƙasa na yi kuka har muryata ta dushe. Gildas ya ce, "To ai ba mu sani ba." Mun sani mana, an faɗa mana. Wadda ta faɗa ɗin ce ba mu ɗauka a bakin komai ba.

Sai da Sena ya shekara na iya haɗa ido da hanyar Bukumbe. Na sayi lofe mafi kyau a kasuwa, na haɗa da jakar tabar Inna. Muna shiga gida na lura ba warin taba ko kaɗan. Ashe da ta ji muna tafe, gida-gida ta bi ta ce wa ƙawayenta kowa ta ajiye lofe sai baƙi sun koma.

Ta kawo mini ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi mijina, kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Na durƙusa na ajiye lofen da jakar a gabanta.

"Inna, gaskiyarki ce. Daga ƙasa yake. Ki yafe mini."

"Ya jikin yaron?"

"Da sauƙi. Inna, ki yafe mini."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Ta tura kayan gefe ba ta ko duba ba. Sena ya sauka daga bayana, ya rarrafa ya kama zanenta, ya miƙa mata hannu biyu yana dariya. Na ga hannuwanta sun taso, sai ta mayar da su ƙarƙashin cinya ta danne.

"Ɗauke shi, Filomen. Shekara da shekaru ina sha, warin ba ya fita daga jiki. In ya yi tari a nan, ba ni da wanda zan ce shi ne ya jawo."

Kwana shida muka yi. Kullum ita ke dama masa kunun acca, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma gindin ƙirya ta zauna tana kallo ina ba shi. Har muka hau mota ba ta taɓa shi ba.