Sinadarin da Ba Ya Kiran Kowa

Dakta ta kwashe littattafanta daga ɗakin gwaje-gwaje na saman bene ranar Litinin da safe, ta koma ɗakin kifi da ke ƙasa, kusa da janareto. Sashen nazarin halittu ya ce babu wanda ya kore ta. Wannan gaskiya ne. Teburinta kawai aka ba wani, aka canza kwaɗon ƙofa, aka kuma manta da sunanta a rabon na'urar ɗumama ƙwai.

Rikicin ya samo asali ne daga ƙwan kaza. A kwanakin farko na ɗan tayi, wasu ƙwayoyin halitta kan taso daga gadon bayansa su yi ƙaura zuwa sassan jiki, inda za su zama jijiyoyi da launin fata da ƙashin fuska. Ba sa ɓata hanya. Farfesa, shugaban sashen, ya tsufa a kan tambayar abin da ke nuna musu hanya, kuma ya daɗe da samun amsa. Ya gano wani sinadari da ake tararwa a gefen duk inda ƙwayoyin suka bi, ya raɗa masa suna Mai Kira. A cewarsa sinadarin ne ke yafito su, kamar uwa a bakin ƙofa. Da wannan ya zama farfesa, kuma hoton sinadarin na rataye a ofishinsa, sama da hoton iyalinsa.

Dakta ɗiyar amininsa ce. Shi ya kawo ta sashen bayan rasuwar mahaifinta. Yana ce mata 'yata, tana ce masa Baba idan babu ɗalibai. Aikin da ya ba ta mai sauƙi ne, ta tabbatar da abin da kowa ya riga ya sani.

Ta yi yadda ake yi. Ta yanke ƙaramar taga a ɓawon ƙwai, ta ɗiga wa ƙwayoyin rini don a gan su, ta jiƙa wani ɗan ƙwallo mai girman ƙwayar yashi da sinadarin, ta ajiye shi a tsakiyar hanyarsu, ta liƙe tagar da salatif. Da Mai Kira yana kira, da sun taru a kansa kamar ƙuda a kan zuma.

Da ta buɗe, sai ta tarar da fili fetal kewaye da ƙwallon. Hotunan da ta ɗauka ta madubin ƙara girma sun nuna ƙwaya na miƙa 'yar ƙafarta, ta taɓa wurin, ta janye kamar ta taka garwashi, ta juya. Sinadarin katanga ne. Yana gefen hanya ne domin shi ne ya hana su fita daga cikinta. Ƙwayoyin na bin wurin da ba a kore su ba.

Ta kai masa hotunan ofis, ta rufe ƙofa kafin ta yi magana. Ya duba su tsaf, ya tambaye ta ko ta ci abinci, sannan ya ce ƙwan ya yi sanyi ne.

"Baba, duk tiren ƙwan ne ya yi sanyi a gefe ɗaya?"

"'Yata, ƙwai ba ya yi wa kaza wayo," in ji shi. "Ki je ki huta."

Daga ranar aka fara kula da lafiyarta. Aka ɗauke mata darasin safe don kada ta gaji. Aka daina gayyatarta taron sashe don kada a ɓata mata lokaci. Ɗakin madubi ya zama kullum a kame, ko da babu kowa a ciki. Babu wanda ya ɗaga mata murya, gaisuwa ma ƙaruwa ta yi. Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe a ginin, ita ce ta ɗakin kifi, inda ba wanda ke son zama saboda ƙarni. Da ta isa can, Farfesa ya shaida wa malamai cewa yarinyar ta daɗe tana sha'awar kifi, shi kuwa ba ya tare wa matasa hanya.

Mijinta ya ba ta shawarar ta rubuta cewa sinadarin yana kira amma cikin fushi, kowa ya huta. Ta ce masa ya ci gaba da gugar rigarsa.

Kafin a canza kwaɗon, ta riga ta shirya tire na ƙarshe, a gaban malamai biyu da suka sa hannu a kan ɓawon kowane ƙwai. Idan aka buɗe shi a kan kari, aka sake ganin filin nan, maganar sanyi ta mutu, kuma dole a mayar mata da wurinta. Sai dai ƙaurar ƙwayoyin 'yan kwanaki ce. Bayan haka rinin ya baje, babu abin gani.

Ta tare Farfesa a matakala ta roƙi makulli.

"Ranka ya daɗe, gobe ne ƙarshensa."

Ya ce ai shi mai bin ƙa'ida ne, ba zai taɓa kayan shaida shi kaɗai ba, an kafa kwamiti. Kwamitin zai zauna bayan mako uku, wato daidai lokacin da ƙwan kaza ke ƙyanƙyashewa.

Zuwa yammacin jiya tiren na cikin na'urar, fitilarta na ci, makullin na aljihun Farfesa. Ɗaya daga cikin malaman da suka sa hannu yana da wani makullin. An aika masa saƙo ko zai buɗe, ya ce bai riga ya ga saƙon ba.