Ƙofa ta bakin titi

Ina wanke wa autana ƙafa a bakin famfo sai ga Yaya ya shigo da magini. Ko gaisuwar kirki babu. Magini ya buga turaku biyu a tsakar gida, ya ja igiya a tsakaninsu, ta ratsa ta kan bokitina.

Yaya wan mijina ne. Tare suka sayi filin nan, tare suka gina shi da kaɗan-kaɗan. Ɗakunansa a gaba, namu a ciki, ƙofar fita ɗaya. Da mijina yana raye ba wanda ya taɓa cewa nan nawa, nan naka. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, ga igiya.

"Yaya, wannan fa?"

"Katanga za a ja. Rabi nawa, rabi na marigayi, wato naku ke nan. Ban ci muku ko taku ɗaya ba."

Na bi igiyar da ido. Ƙofa tana ɓangarensa.

"To mu ta ina za mu fita? Ta sama?"

"A fasa muku ƙofa ta baya."

Bayan gidanmu babban titi ne, manyan motoci ke gudu a kansa har gilashin tagarmu yana kaɗawa. Tsakanin bango da kwalta kwata ce kawai. Autana kuwa bai san tsoro ba, in ya ga ƙofa a buɗe da gudu yake fita.

"Ɗan ƙaninka za ka buɗe wa ƙofa a bakin tirela?"

"Sai ki kula da shi. Ba ke ce uwa ba?"

"Ni ce uwa, ni ce uba, ni ce mai wanki. Yanzu kuma in zama maigadi?"

Magini ya yi dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskata.

"Ki iya bakinki," in ji Yaya. "Haƙƙina na nema."

Na ɗaga yaron da jiƙaƙƙun ƙafafunsa na dangwara masa a ƙirji, dole ya riƙe.

"Ungo. Zagaya da shi inda za a fasa ƙofar, ka sauke shi a ƙasa, ka sake masa hannu. In ka iya, ni da kaina zan kwaɓa muku siminti."

"Ke, hauka kike?"

"Sauke shi kawai, Yaya."

Ya fita da shi a fusace, na bi su ko takalmi babu. Muka zagaya. Ya tsaya a bakin kwata, wata motar yashi ta wuce, iskarta ta yar masa da hula. Yaron ya miƙa hannu yana zillo, "Baba, mota! Sauke ni!"

Yaya ya ƙara ƙanƙame shi.

Da muka koma ciki ya ce wa magini ya tafi, za a sake shawara. Bai ce an fasa aikin ba, bai kuma dube ni ba.

Na karɓe ɗana. "A sake shawarar a gabana. Duk inda katangar nan za ta bi, ƙofar gaba da mu a ciki."

Ya shige ɗakinsa ya bugo ƙyaure.