Babin da Mideva Ta Karanta

"Dutse a hagunki!" in ji Imali daga gaba, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Mideva ta ɗaga ƙafa ta tsallake abin da ba ta gani ba. "Ke dai kin cika surutu. Wa ya ce miki ban gan shi ba?"

Ƙarya take yi. Tun da suka sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Mfangano da safe, ƙarar takalmin Imali take bi. Wata takwas ke nan da likita a Kisumu ya gaya mata tsakiyar ganinta na mutuwa, gefe-gefe kawai zai rage, kuma ba magani. Ba ta gaya wa kowa ba. Shekara goma sha huɗu suna hawan tsauni duk hutun Agusta, ita da Imali da Kageha, tun suna koyarwa a makaranta ɗaya a Kaimosi. Ta san halin ƙawayenta sarai: ranar da suka ji, tausayi zai sa su ce ta huta a gida. Wannan tausayin take tsoro fiye da makantar.

Sai da rana ta take suka kai ƙololuwa, suna haki. Kageha ta shimfiɗa zani, ta fito da dafaffen rogo da shayi, sannan ta zaro littafi. Al'adarsu ce, duk inda suka yada zango mutum ɗaya ta karanta babi. Na bana labarin 'yan Kweka ne na Ingila, kakannin cocinsu, shekaru ɗari uku baya. Su ba fasto, ba waƙa. Zama suke shiru har gaskiya ta ciwo wani ya miƙe ya faɗe ta. Tauraruwar labarin wata masaƙiya ce da aka sha ɗaurewa saboda ta ƙi rantsuwa a kotu.

"Awa biyu ba magana!" in ji Kageha. "Da a zamanin aka haifi Imali, da gawarta za a fitar."

"Ki ci rogonki, tsohuwa," in ji Imali. "Mideva, yau ke ce. Jiya kin ce maƙogwaro, shekaranjiya kin ce kin manta tabarau."

Uzuri ya ƙare. Mideva ta karɓi littafin ta buɗe inda aka sa alama. Tana ganin farin gefen takarda, tana ganin yatsunta, amma tsakiya sai wani tabo kamar an ɗiga mai. Ta yi gyaran murya, ta fara da muryar nan da ta yi shekara talatin tana karanta wa ɗalibai da ita.

"Ran Lahadi masaƙiya ta zauna a taro, shirun ya yi mata nauyi. Can sai ta miƙe. Ta ce, ''Yan'uwa, na ƙi rantsuwa gaban alƙali don kada a ce maganata iri biyu ce, amma wata takwas ina yi muku ƙarya. Ba na ganin zare. Ba na ganin fuskokinku. Na ɓoye ne don kada ku bar ni a gida.'"

Ta tsaya nan. Ba wadda ta tauna rogo. Daga ƙasa ana jin injin wani kwalekwale yana nisa, har ya ɓace.

Kageha ce ta fara magana, a hankali. "To, me mutanen suka ce mata?"

"Ban kai wurin ba."

"Kawo in ƙarasa."

Mideva ta miƙa littafin. Ta ji an rufe shi, an ajiye a kan zani.

"Sai wata tsohuwa ta miƙe," in ji Kageha, "ta ce, 'Ke da Allah, tun bikin Ista muka sani, ranar da kika gaida bishiyar ayaba. Jira muke ki faɗa da bakinki.'"

Dariya ta ƙwace wa Mideva, hawaye na bin ta.

Imali ta fyace hanci, ta tashi tana kaɗe zani. "Tun safe nake kiran duwatsu kamar kwandasta, har muryata ta dushe. Taso ki dafa kafaɗata, gangara ta fi hawa wuya. Kuma baɗi tsibirin Rusinga za mu, ke za ki ɗauki shayin."